Tsoffin zannuwan kaka: a sa musu almakashi ko a bar su a adaka?

Maman_Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wajen masu ɗinki da masu sanin tsoffin kaya. Kakarmu ta wajen uwa ta rasu bara, aka buɗe adakarta aka tarar da zannuwa maƙil: atamfofi na da, wasu ko allura ba ta taɓa shiga jikinsu ba, da saƙi guda biyu, da wani baƙin zane mai nauyi da mahaifiyarmu ta ce bunu ne, sai gwado. Da yawa asu ya taɓa su, wasu kuma sun tsage a kan layin ninki. Ni ina ɗan taɓa ɗinki, sai na ce bari in yanko wuraren da suka rage da kyau in harhaɗa, in yi bargo da rigunan matashi, kowace jika ta samu abin tunawa. Yayata ta ce atafau ba za a sa wa zanen Hajiya almakashi ba. Ni kuma gani nake in an bar su haka nan asu ne zai ƙarasa su. Wa ya taɓa irin wannan aikin? Kuma anya tsohon yadi yana riƙe ɗinki?

Ummu_Sadiq:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Hajiya, ya sa ta huta. Ni kam ina bayan yayarki. Zanen da tsohuwa ta yi shekara da shekaru tana adanawa, ta hana kanta ɗaurawa, ba na jin daɗin a ce rana ɗaya an yi masa gunduwa-gunduwa. Ku raba su yadda suke, kowa ta ajiye nata.

Malam_Fagge:
Allah ya gafarta mata. Kafin a kai ga almakashi, malama, an raba gado? Mutane suna ɗaukar tufafin mamaci kamar ba dukiya ba ne, kowa ya zo ya zaɓi wanda ya yi masa ya tafi. Alhali suna cikin abin da ta bari, daidai da gona da sarƙar zinariya. Kuma ke jika ce ta wajen 'ya mace, ba ki da rabo kai tsaye alhali ga 'ya'yanta a raye. Sai wanda kayan suka faɗo a rabonsa ya ba ki, sannan ki yanka ko ki ajiye.

Maman_Ilham:
Na gode Malam. An raba tun bayan arba'in. Masu lafiya da za a iya ɗaurawa an yi sadaka da yawancinsu da yardar kowa. Waɗannan a rabon mahaifiyarmu suka faɗo, ita kuma ta ce mu je mu daidaita tsakaninmu, kada mu dame ta.

TelanKwari:
To tunda Malam ya sallame mu, ga tawa. Hajiya, tsohon yadi yana riƙe ɗinki, amma ba kowanne ba, kuma ba ko'ina a jikinsa ba. Ki ɗaga zanen ki kalli rana ta cikinsa. Duk inda haske ya fi ratsowa, wurin ya riga ya mutu. Sannan ki kama da manyan yatsunki biyu ki ɗan ja. In ya yi ƙara ko ya buɗe, kada ki ɓata zarenki a kai. Layin ninki kuwa ki yanke shi ki yar ko da bai tsage ba tukuna, don nan ne zai fara buɗewa a wankin farko. Zanen da aka sha ɗaurawa, tsakiyarsa wajen zama ce ke fara lalacewa, gefe da gefe ne ke da sauran ƙarfi.

Ki wanke duka kafin ki yanka. Wanda ba a taɓa sa wa ruwa ba zai tsuke, wanda aka sha wankewa kuwa ya gama tsukewarsa tuntuni. In kika haɗa su ba wanki, ranar da bargon ya shiga ruwa zai tattare, ba gugar da za ta miƙar da shi.

Shafi dole ne. Ki sami sabon yadin auduga mara nauyi ko akoko, shi ma ki wanke shi. Shafin ne zai ɗauki wahalar ja da wanki, tsohon zanen ado kawai yake yi a sama. Ki bi su da layukan ɗinki kusa-kusa, kamar faɗin yatsu uku tsakani, don su manne da juna. In a keke ne, allura lamba 11, kuma ki buɗe takun ɗinkin. In taku ya yi ƙanana huda yadin kawai yake yi a jere, sai ya yage ta nan. Ki guji zaren roba mai ƙarfin nan, ya fi yadin ƙarfi, shi ne zai yanka shi. Ki bar wajen rabin inci a kowane haɗi.

Abin da ba zan yarda ki yi ba shi ne haɗa saƙi da atamfa a ɗinki ɗaya. Nauyinsu ba ɗaya ba ne, mai nauyin zai janye mara nauyin.

YarZazzau:
Yaya tela ya yi gaskiya, ni ma kan saƙin nan na shigo. Ƙanwata, atamfa ki yi yadda kika ga dama da ita, amma don Allah ki janye almakashi daga saƙi da bunu da gwadon nan. Ki duba jikin saƙin da kyau, za ki ga ba faffaɗan yadi ba ne guda ɗaya. Sirara-sirara masaƙa ke fitar da shi, sannan a jera su a ɗinke baki da baki da hannu. In ma ya zama dole a rage shi, ɗinkin da ke tsakanin layukan ake warwarewa, a cire wanda ya lalace a mayar da sauran. Da zarar kin yanka shi a tsakiya zai fara zubar da zare, kuma ba ya tsayawa.

Ki kuma murza zaren tsakanin yatsu. In kin ji wani wuri kauri wani wuri siriri, to zaren kaɗi ne, wata mata ce ta zauna da mazari ta kaɗa shi. Yau a ina za ki samo irinsa? Masu saƙan da suka rage ma yawancinsu zaren kamfani suke saya. Akwai 'yan kasuwa a Kurmi da ke bin irin waɗannan kaya da tsoffin manyan riguna suna saye suna sayar wa Turawa. Ba cewa nake ki sayar ba, ina nuna miki ne ba tsumma kike riƙe da shi ba.

Maman_Ilham:
Na duba yanzun nan Anti, wallahi haka yake, layi-layi ne an ɗinke. Ɗaya akwai jan zare mai sheƙi a tsakanin baƙin.

YarZazzau:
In ja ne mai ɗaukar ido, mai laushi, wataƙila alharini ne, irin na barage. To shi asu ya fi so. Ware shi daban tun yau.

Baba_Kakuri:
'Yata, Allah ya jiƙan kakarki. Ni tsohon ma'aikacin masaƙa ne a Kaduna, ga abin da zan roƙe ki. Kafin ki yanka kowace atamfa, ki karanta rubutun da ke bakinta. A nan kamfani ke buga sunansa da lambar zanen. Mutane da zarar sun ga tsohuwar atamfa mai kyau sai su ce Holan ce, alhali da yawa a Kakuri muka buga su. An buɗe masaƙar Kaduna Textiles, wato KTL, a 1957 zamanin Sardauna, ita akoko ta fi fitarwa. Masaƙar United Nigerian Textiles, wato UNTL, ta zo a 1964, ita ce ta cika kasuwannin Arewa da atamfa, da audugarmu ta Funtua da Gusau. Lokacin tashi daga aiki, in ka ga kekuna sun fito daga Kakuri sai ka tsaya a gefen titi ka jira su wuce. KTL ta tsaya a 2002, UNTL ta rufe ƙofa a 2007, mutane dubbai suka koma gida.

Don haka in kin ga sunan ɗaya daga cikin masaƙun nan a bakin zane, ki sani ba za a sake buga wannan ba. Ni ban hana ki yankawa ba, zane don amfani aka yi shi. Amma ki yanko bakin nan mai rubutu ki ɗinka shi a bayan bargon. Jikokinki su san ƙasar nan ta taɓa tufatar da kanta.

Hajjo_Atamfa:
Baba ya taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Ƙari kaɗan ga mai tambaya: ki juya zanen ki ga bayansa. Atamfa ta ainihi gaba da baya kusan ɗaya suke, launi ya ratsa. Mai araha kuwa fuska ɗaya aka buga, bayan fari-fari ne. Holan ta Vlisco ce, kamfanin yana garin Helmond tun 1846, har gobe suna bugawa. Wadda iyayenmu ke kira Ingila kuma ta kamfanin ABC na Ingila ce, daga baya aka mayar da bugunta Akosombo a Gana. Tsofaffin nan ba don ado kawai suke tara su ba, ajiya ce. In ta ɓaci a fitar da turmi ɗaya a ba dillaliya. Turmin da yake cikakke yadi shida, ba huda ba tabo, haramun ne a wurina ki yi masa ƙananan yanka. Ki ɗinka riga da zane ki sa abinki.

Malam_Fagge:
Hajiya a dai sassauta da kalmar haramun.

Hajjo_Atamfa:
Tuba nake Malam, haramcin 'yan atamfa nake nufi.

Sarkin_Gardama:
Ni fa ban gane ba. Yaushe muka fara ɗinke tsummokara muna kiransa ado? Da can wanda ka gani da riga launi goma, ko dai mahaukaci ne ko ɗan wasan kasuwa. Kun gani a waya Turawa suna yi, shi ke nan kowa ya ɗauka. Ku ba mabukata su ɗaura, ku sayi sabon bargo a kasuwa, magana ta ƙare.

Inna_Talatu:
Ɗana, da gani ba ka tashi a ɗakin tsohuwa ba. Wane Bature ne ya koya mana? A gidanmu zane ba ya mutuwa sau ɗaya. In ya gaji da zuwa biki ya koma na zaman gida. In tsakiya ta mutu a raba shi biyu, a juya gefe da gefe su haɗu a tsakiya a ɗinke, ya sake shekara. Daga nan ya koma zanen goyo ko majanyi, sannan ƙunzugun jariri, don tsohon zane ya fi sabo laushi a jikin yaro. Abin da ya rage a naɗe a yi gammo, na ƙarshe ya zama tsumman sauke tukunya. Katifar da na yi aure da ita ƙyallen tela aka cusa a ciki. Buhun fulawa ma na yadi da ake yi da, wanke shi muke yi mu ɗinka ɗan tofi da rigar matashi, wani lokaci rubutun bai gama fita ba. Kuma wane mabukaci za ka ba zanen da asu ya huda? Ai wannan ba sadaka ba ce, neman wanda zai zubar maka da shara ne. Bambancin kawai, mu don rashi muka yi, yaran yanzu suna yi da tsari, ya fito da kyau. Ni ban ga laifi ba.

Bint_Maiwurno:
Gaisuwa daga 'yan uwanku na Sudan. Sarkin_Gardama, maganar rigar mahaukaci ta sa na kasa yin shiru. A nan riga mai faci tana da tarihi. Lokacin da Muhammad Ahmad ya ce shi ne Mahadi a 1881, mabiyansa jibba mai faci suke sawa, alamar gudun duniya irin ta sufaye. Da farko faci ne na gaske, inda ta yage a toshe da abin da aka samu. Bayan sun ci Khartum a 1885 sai abin ya zama kayan sarki: farar jibba ta auduga, a yanka ƙyalle ja da shuɗi da baƙi murabba'i-murabba'i a jera su daidai gaba da baya, manyan amirai nasu har da ado a aljihu. Da Turawa suka ci Omdurman a 1898 sun kwashi da yawa, suna gidajen tarihinsu a Ingila har yanzu. Ka ga ke nan ba a wajensu muka ɗauka ba.

Malam_Fagge:
Kuma ya tabbata daga Nana A'isha cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana ɗinke tufarsa yana gyara takalminsa da hannunsa. Sayyidina Umar ma an san shi da riga mai faci yana halifa. Ba abin kunya ba ne.

Sarkin_Gardama:
Na ji na Malam. Amma faci don buƙata daban, a yanka lafiyayyen zane don a yi gayu daban. A nan dai ban sauka ba.

TelanKwari:
Ai a nan babu mai jayayya da kai, kowa cewa yake a bar lafiyayyen.

Dan_Nima:
Salamu alaikum daga Ankara (Accra), Gana. Mu nan wannan ɗinki ba baƙo ba ne, asasawa ake ce masa. Teloli suna tara ragowar atamfa su jera su su fitar da yadi guda, a yi riga ko jaka ko wando. Da ana yi masa kallon kayan talaka, yanzu boutique-boutique na Osu suna sayar wa baƙi da tsada. A kasuwar Kantamanto kuma, inda ake buɗe dilolin gwanjo, akwai yara da aikinsu ke nan: su sayi wandunan jins da ba su sayu ba, su farke, su fitar da jaket ko jaka. Gobarar da ta cinye kasuwar a farkon Janairun 2025 ta haɗa da kekunansu da yawa, amma sun koma aiki. Shawarata ga Hajiya, ki fara gwada hannu da gwanjo ko ƙyallen tela. Kada zanen kaka ya zama shi ne na koyo.

Anti_MaiJaka:
Wannan shawara ta Dan_Nima ita ce magana. Ni sana'ata ke nan, jakunkuna da 'yan pos da rigunan tum-tum daga ƙyalle. Jins nake samowa a Ƙofar Wambai in yi gindin jaka da shi don ya fi jure ƙasa, atamfa a sama. Amma in gaya muku gaskiya, kasuwar nan da ciwon rai. Mace za ta ɗauki jaka ta jujjuya, ta yaba, kina faɗin kuɗi sai ta ce haba Anti, ba ƙyalle ba ne, ai kyauta kika samu. Ba ta lissafa zaman zaɓen launi, da wanki, da guga, da yankawa ɗaya bayan ɗaya, da zif, da shafi, da soso. Jaka ɗaya ta haɗe-haɗe ta fi cin lokaci a kan uku na yadi guda. Kuma ƙyallen ma yanzu ba kyauta ba ne, teloli sun waye, a buhu suke sayarwa, masu katifa da masu filo suna rububi. Waɗanda suka fi saye ba ciniki su ne masu tafiya waje da ke neman tsaraba, da amare masu son tum-tum ya dace da labule.

Maman_Ilham, in za ki ji tawa, ki bar maganar babban bargo. Rigar matashi ta ado ko abin ratayewa a bango sun fi dacewa da tsohon yadi, don ba kullum ake wanke su ba. Bargo kuwa yara za su yi tsalle a kai, a yi masa fitsari, a kai shi wanki.

Ummu_Sadiq:
Tsaya Anti, teloli suna sayar da ƙyalle a buhu? Ƙyallen wa? Mu muke kai turmi yadi shida, a ɗinka mana riga da siket, ko ɗankwali da ƙyar yake fita, ashe sauran yana buhu. TelanKwari fito ka yi bayani.

TelanKwari:
Hhhh Hajiya, ni dai duk abin da ya kai a yi wa yarinya riga ko ɗankwali, a leda nake sa wa mai kaya. Abin da ke shiga buhu shi ne na yankan wuya da hammata da gefen siket, wanda in na ba ki ma cewa za ki yi na raina ki. Kuma ku ma kuna da naku: a kawo hoton ɗinki mai cin yadi bakwai da turmi ɗaya, sannan a zo ana neman canji. Ban ce babu masu yi ba fa. Akwai wanda in Sallah ta zo za ka ga 'ya'yansa sanye da atamfar unguwa gaba ɗaya.

Amaryar_Gwale:
Wallahi na taɓa ganin leshina a jikin hular jaririn wata a gidan suna. Shiru kawai na yi.

Malam_Fagge:
Asali ragowar yadi na mai yadi ne, tela amana aka ba shi. Abin da aka saba yafewa, wanda mai shi ba ya waiwaya, babu laifi a yi amfani da shi. Wanda ya kai a amfana da shi kuwa sai an mayar ko an nemi izini. Mafi sauƙi tela ya tambaya tun ranar karɓar kaya, kalma ɗaya ce.

Hadiza_Maradi:
Mu nan Maraɗi tun wajen aunawa nake ce ma maɗumki ya aje mini sauran, ko kaɗan ne. Da su na yi ma ɗiyata shimfiɗar makarantar allo da jikkar sa littafi. Kuma ina da tambaya ga masu sani, tunda an ambaci bunu: ni ma ina da baƙin zane na uwata, duk abin da ya taɓa sai ya bar mishi shuni. In na haɗa shi da farin yadi ba zai ɓata shi ba?

Amaryar_Gwale:
Ki jiƙa shi a ruwan gishiri ya kwana, yana kama launi.

Dan_Marina:
A'a ƙanwata, gishiri ba ya kama baba. Ni a Ƙofar Mata na tashi, inda ake cewa marinar tun 1498 take. Rinin baba ba kamar na kanti ba ne. Da baba da toka da katsi ake haɗa ruwan a bar shi ya nuna. A tsoma zane a fitar, iska ta buge shi, ya tashi daga kore-kore ya koma shuɗi, a sake tsomawa, har ya kai duhun da ake so. Launin a kan zaren yake zama, shi ya sa na saman yake gogewa. Wani ma da gangan ake ƙara masa shuni a kai shi wajen mabuga su buge shi ya yi ƙyalli, kamar turkuɗin Kura da Buzaye ke naɗawa har ya rine musu fuska. Su a wurinsu wannan zubar ita ce shaidar na gaske ne.

Hajiya Hadiza, ki ɗauraye shi shi kaɗai da ruwan sanyi, ba omo, ba bilic, ki shanya a inuwa. Ki maimaita har ruwa ya kusa fita fari. Sannan ki jiƙa farin ƙyalle ki goga a kai ki gani. Ko ya daina, ni dai ba zan jera shi da fari ba, ki haɗa shi da masu duhu. Ku sani kuma in ya sha wanki ƙyallin bugun zai tafi, sai an sake kai shi bugu. Gwadon Maman_Ilham ma in ya yi tabon da ya ƙi fita, ta kawo a tsoma shi a baba, ya fi a yanka shi.

Malama_Kimiyya:
Ƙarin bayani kan ƙwarin. Asu ulu da alharini ya fi ci. Abin da ke huda auduga sau da yawa wasu ƙananan ƙwari ne masu walƙiya da ke ɓuya a akwati da cikin littattafai, da kyankyasai, kuma sitaci da maiƙon abinci ke jawo su. Saboda haka kada a adana zane da sitaci a jikinsa. Kada a ƙulle shi a leda shekara da shekaru, gumi yake yi ya yi fumfuna. A naɗe shi a tsohon farin zanen gado, in da hali a nannaɗe shi kamar tabarma maimakon ninki, in kuma an ninke a riƙa sauya layin. Kafur kada ya taɓa yadin kai tsaye, kuma a nesa da yara, guba ne in sun haɗiya. Lokacin hunturu a fitar a sha iska a inuwa. Wanda ake zargin akwai ƙwai a jikinsa, a ɗaure a leda a sa a firiza kamar mako guda.

Sarkin_Gardama:
Firizar da za ta yi mako da sanyi, a wace unguwa take? A ba mu adireshi mu kai nama.

Maman_Ilham:
Kai jama'a, na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na tura wa Yaya duk abin da kuka rubuta, jiya muka zauna muka baje kayan. Saƙi da bunu da gwado mun ware, ba mai taɓa su. Baba_Kakuri, mun sami sunan UNTL a bakin guda uku, mahaifiyarmu har ta tuna bikin da aka yi ankon ɗaya daga ciki. Turamen da ba a ɗinka ba, biyu lafiyarsu ƙalau, Mama ta ce a ajiye wa ƙanwarmu. Saura guda tara da suka yage ko suka huje. A kansu Yaya ta ɗan sauko, amma da sharaɗi: ba keke, da hannu za a yi, kuma ba za a gauraya su ba, kowane zane a yi matashi ɗaya da shi kaɗai don a riƙa gane shi. Ni kuma haɗe-haɗen nake so, don kowace jika ta samu ɗan yanki daga kowanne. Nan muka tsaya.

Ummu_Sadiq:
Yayarki ta fi ni sauƙin kai. Ni har yanzu da za a bi tawa, a naɗe su yadda Malama ta ce a mayar adaka. Abin da aka yanka ba ya komawa.

Inna_Talatu:
A mayar adaka wa zai gan su? Mai adakar ma da ta ɓoye su, ga shi ta tafi ba ta ɗaura ba.

YarZazzau:
Sharaɗin hannu ɗin nan kada ki raina shi. Allurar hannu ta fi tausayin tsohon yadi, kina jin inda ya yi rauni kafin ki huda. Mu nan cikin birni mata suna zama da hula da wuyan riga wata da watanni, ba wanda ya mutu. Kuma in kuka zauna ke da ita kuna yi tare, rigimar gaurayawar ma a nan za ta warware ko ta ƙaru.

Anti_MaiJaka:
Ku raba gardama mana: fuskar matashi zane ɗaya kamar yadda Yaya ke so, bayansa haɗe-haɗe. Kowa ta juya gefen da take so.

TelanKwari:
Zai yi, amma bayan ne ke shan gogayya da kujera, nan ne bai kamata a tara haɗi ba. In za a yi haka, haɗe-haɗen ya zama fuska. Kuma kada ku sa zif a jikin tsohon yadin kai tsaye, ku ɗinka shi a kan shafi, ko ku yi baki mai hawa kan juna a huta da zif ɗin.

Hadiza_Maradi:
Dan_Marina, na ɗauraye nawa, ruwan har yanzu baƙi yake fita. In ci gaba ko in bar shi ya bushe tukuna?

Dan_Marina:
Bar shi ya bushe sarai a inuwa, sai bayan kwana biyu ki sake. Kada ki murɗe shi wajen matsewa, ki dai danna ruwan ya fita.